Gundumar Sequoyah da Maƙerin da Ta Ci Sunansa: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya buɗe taswirar jihar Oklahoma ta Amurka ya duba can gabas, daidai inda ta haɗa iyaka da jihar Arkansas, zai ga wata gunduma mai suna Sequoyah. Ana furta sunan kamar a ce Sikwoya. Amurka tana da gundumomi sama da 3,000, kuma da yawansu sunayen shugabannin ƙasa da manyan sojoji suka ci, mutanen da ba su taɓa taka wuraren ba. Wannan kuwa ta ci sunan mutumin da ya sari itace ya gina ɗaki a cikinta, ya yi noma, ya dafa gishiri ya sayar, mutumin da ya ƙago wa al'ummarsa rubutu alhali shi bai taɓa zama gaban malami ba. Na daɗe ina son labarinsa, kuma ga tambayoyin da aka fi yi a kansa da kan ƙasar da ke amsa sunansa.

Ina gundumar take, kuma wace iri ce?

Gunduma a tsarin Amurka kusan daidai take da ƙaramar hukuma. Kowace tana da hedikwata inda kotu take, da ofishin rajistar filaye, da shugaban 'yan sanda wanda jama'a ke zaɓa. Hedikwatar Sequoyah garin Sallisaw ne. Sauran garuruwanta ƙanana ne: Muldrow, Roland, Vian, Gore, Gans, Marble City.

Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1,850, kuma ƙidayar 2020 ta sami mutum 39,281 a cikinta. Kogin Arkansas ne iyakarta ta kudu, kuma a fadamunsa aka fi noma, da can auduga da masara. Arewacinta tuddai ne masu duhun itatuwa da ake kira Cookson. An kafa ta a 1907, shekarar da Oklahoma ta zama jiha, amma tarihin wurin ya girmi wannan shekara nesa ba kusa ba.

Wane ne Sequoyah?

Ɗan ƙabilar Cherokee ne, ɗaya daga cikin al'ummomin da Turawa suka tarar a nahiyar Amurka. Mu da muka tashi muna kallon finafinan kaboyi mun saba ce musu Indiyawan daji, sunan da bai yi musu adalci ba ko kaɗan. Cherokee manoma ne masu garuruwa da majalisu da dokoki, a yankin da yanzu ya zama sassan jihohin Tennessee da Georgia da Alabama da Carolina ta Arewa.

An haife shi wajajen 1770 a ƙauyen Tuskegee, a bakin wani kogi a gabashin Tennessee ta yau. Sunan mahaifiyarsa Wurteh. Masana da dama sun tafi a kan cewa mahaifinsa wani Bature ne ɗan fatauci mai suna Nathaniel Gist, shi ya sa a takardun gwamnati za a ga an rubuta shi George Gist ko George Guess. Amma a wurin Cherokee ta wajen uwa ake lissafa dangi, don haka shi cikakken ɗansu ne. A hannun uwarsa ya tashi, harshen Cherokee kaɗai yake ji, bai iya Turanci ba balle karanta shi.

Yana ɗingishi a ƙafa ɗaya. Hannunsa kuwa yana da baiwa: ya yi ƙirar farfaru, yana yin 'yan kunne da awarwaro na azurfa, ya kuma yi ƙirar babbaƙu, yana gyara kayan noma. A 1813 da 1814 ya shiga rundunar Cherokee da ta taya sojojin Amurka yaƙi da wani ɓangare na ƙabilar Creek, yaƙin da ya ƙare da gumurzun Horseshoe Bend a watan Maris na 1814. Kwamandan Amurka a wannan yaƙi shi ne Andrew Jackson. A riƙe wannan suna, za mu sake haɗuwa da shi.

Mene ne ainihin abin da ya ƙago?

Hanyar rubuta harshen Cherokee. Ya daɗe yana ganin Turawa suna aika wa juna magana a kan takarda, abin da mutanensa ke kira ganyaye masu magana. Wasu daga cikinsu na ganin wannan wata baiwa ce da aka keɓe wa Bature. Shi ya ce ƙirƙira ce ta ɗan Adam, kuma abin da wani ya ƙirƙira wani ma zai iya. Wajajen 1809 ya fara.

Da farko ya bi hanyar da ba ta ɓullewa. Ya ce kowace kalma zai yi mata alamarta. Alamomi suka yi ta taruwa har suka fi ƙarfin hadda, ga kalmomi ba su ƙare ba. Daga nan ya sake lale. Ya koma sauraren maganar mutane, yana kasa kunne ga yadda kalma ke kakkaryewa a baki, har ya gane cewa duk yawan kalmomin harshen, daga gaɓoɓi ƙalilan ake harhaɗa su.

Wanda ya koyi karatun boko da ba, be, bi, bo, bu zai fahimci wannan nan take. Ɗauki kalmar Katsina. Haruffanta bakwai ne, amma gaɓoɓinta uku: ka, tsi, na. A tsarin Sequoyah alama uku kawai za a rubuta, kowace gaɓa da tata. Haka sunan ƙabilarsa a bakinsu, Tsalagi, alama uku ne: ᏣᎳᎩ. Ya ƙare da alamomi 86, daga baya aka bar ɗaya suka zama 85. Shida daga ciki wasula ne tsurarsu, ɗaya baƙin "s" ne shi kaɗai, sauran duk baƙi ne haɗe da wasali.

Abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne wasu alamomin sun yi kama da haruffan boko amma ba sautinsu ɗaya ba. Alamar da ta yi kama da D ana karanta ta "a". Mai kama da R "e" ce, mai kama da T "i" ce, mai kama da W kuwa "la". Siffa aka ara, sautin kuwa nasu ne.

Shekara goma sha biyu ya yi yana wannan aiki, ya kammala a 1821. Ni dai duk lokacin da na tuna cewa mutum ɗaya ne, wanda bai san ko harafi ɗaya na wani harshe ba, ya zauna ya rarrabe sautukan harshensa da kunne kawai har ya fito da tsarin da ake amfani da shi bayan shekara 200, sai in ji girman abin ya cika mini zuciya. Irin wannan bai cika faruwa a tarihin duniya ba.

Mutanensa sun karɓa hannu bibbiyu?

Ina! An ce ya zautu, an ce tsafi yake yi. Gonarsa ta koma saura saboda ya duƙufa kan zane-zane a ɓawon itace. Akwai ruwayar da ta shahara cewa matarsa ta taɓa cinna wa aikin wuta, ya sake daga farko.

Ɗalibarsa ta farko 'yarsa ce, Ayoka, tana da kimanin shekara shida. Da ita ya kafa hujja. Yadda ake ba da labarin, an fitar da yarinyar can nesa inda ba za ta ji komai ba. Dattawa suka faɗi kalmomin da suka ga dama, uban ya rubuta. Aka kira ta, aka miƙa mata takardar, ta duba ta karanto musu maganarsu ɗaya bayan ɗaya. Daga baya aka ba shi samari ya koya musu, su ma aka raba su aka gwada, suka karanta saƙon juna. Ya kuma ɗauko wasiƙa daga Cherokee mazauna yamma ya kawo wa 'yan uwansu na gabas, mutane suka ji muryar danginsu da ke nisan ɗaruruwan kilomitoci tana fitowa daga takarda.

Daga nan abin ya bazu kamar wutar daji. Tunda kowace alama sunanta shi ne sautinta, mai jin harshen da ya haddace alamomin ya iya karatu ke nan, babu wani dogon koyon haɗa baƙi. Cikin 'yan makonni mutum ke iyawa, ya koya wa maƙwabcinsa. A 1824 majalisar Cherokee ta yanke a yi masa lambar girma ta azurfa, a 1825 ta amince da rubutun a hukumance. Wani ɗan mishan, Samuel Worcester, ya sa aka zuba haruffan a dalma a birnin Boston, kuma ranar 21 ga Fabrairu 1828 jaridar Cherokee Phoenix ta fito a garin New Echota na Georgia da harsuna biyu, Elias Boudinot ne editanta. Ita ce jarida ta farko ta 'yan asalin ƙasar Amurka.

Kafin Cherokee su zo, su wa ke wannan ƙasa?

Mutane sun yi dubban shekaru a kwarin kogin Arkansas. A tsallaken kogin, kudu da gundumar, akwai tuddan Spiro, waɗanda wata tsohuwar al'umma ta tara da hannu ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa. A ƙarni na 18 ƙabilar Osage ce ke da ƙarfi a yankin, nan ne dajin farautarta.

Faransawa 'yan fataucin fatu ma sun bi kogin, kuma sun bar alama a bakin mutane. Sunan Sallisaw daga wata kalmar Faransanci ya samo asali, mai nufin naman da aka yi wa gishiri, saboda maharba kan tsaya a bakin rafin su gishirta naman ɓauna. A 1803 Amurka ta sayi wannan makeken yanki daga hannun Faransa a cinikin Louisiana, ba tare da an tambayi ko ɗaya daga mazaunansa ba.

Gaskiya ne an taɓa yin wata gunduma a nan kafin Sequoyah?

Gaskiya ne, kuma shekara ɗaya kacal ta yi a duniya.

Tun farkon ƙarni na 19 wasu Cherokee suka fara ƙaura zuwa Arkansas don guje wa matsin Turawa a gabas. Zuwansu ya haddasa gaba da Osage, har da zubar da jini. Wakilin gwamnati a wurinsu, William Lovely, ya shirya a 1816 Osage su saki wani babban fili da zai shiga tsakanin ƙabilun biyu. Wannan fili ya ƙunshi ƙasar gundumar Sequoyah ta yau. Rikicin bai kwanta ba, shi ya sa aka kafa barikin Fort Smith a 1817, dab da kusurwar gabashin gundumar, sannan Fort Gibson a 1824.

Turawa 'yan kama-wuri-zauna suka kwararo cikin filin. A watan Oktoba na 1827 hukumar yankin Arkansas ta ayyana shi a matsayin gundumar Lovely, hedikwatarta Nicksville a bakin rafin Sallisaw. Bayan kimanin shekara ɗaya aka soke ta, aka ce Turawan su kwashe nasu ya nasu su koma gabas da sabuwar iyaka. Abin da ya jawo haka yarjejeniyar 1828 ce.

Me yarjejeniyar 1828 ta ƙunsa, kuma ina ruwan Sequoyah da ita?

A lokacin shi ma ya riga ya koma Arkansas, kuma yana cikin wakilan Cherokee na yamma da suka je Washington a wannan shekara. Ranar 6 ga Mayu aka sa hannu: za su bar gonakinsu na Arkansas, a ba su eka miliyan 7 a yamma, cikin abin da aka kira Yankin Indiyawa, da alkawarin cewa ƙasar tasu ce har abada, babu wata jiha da za ta taɓa shimfiɗa ikonta a kanta. Jama'a a gida ba su ji daɗi ba, don ba su aiki wakilan su ba da ƙasa ba.

Yarjejeniyar ta ambaci George Guess da suna. Ta ba shi dala 500 saboda amfanin da rubutunsa ya yi wa Cherokee, ta kuma ba shi izinin riƙe wata maɓuɓɓugar ruwan gishiri a rafin Lee a madadin wadda zai bari a Arkansas. An kuma ware dala 1,000 don sayen injin buga littattafai.

A wannan tafiya ce mai zane Charles Bird King ya zana shi, kuma daga wannan zane ne duk hotunansa da ake gani suka samo tushe. Yana sanye da rawani irin na mazan Cherokee na zamanin, da dogon lofe a baki, lambar azurfa a wuya, ya riƙe allon haruffansa yana nuna su da yatsa. Bahaushe ya gani sai ya tuna malamin zaure.

A 1829 aka yi ƙaurar. Waɗannan su ake kira Tsofaffin Mazauna. Sun kafa hedikwatarsu a Tahlonteskee, kusa da garin Gore na yau, inda kogin Illinois ke shiga Arkansas, ƙarƙashin shugabansu John Jolly. Sunan wurin na ɗan uwan Jolly ne da ya riga shi shugabanci. Shekara goma, daga 1829 zuwa 1839, gwamnatin Cherokee ta yamma tana zaune ne a cikin ƙasar da ta zama wannan gunduma. Makarantar mishan ta Dwight, wadda Cephas Washburn ya fara a Arkansas, ita ma ta biyo su ta sauka a tsohon wurin Nicksville, kusa da Marble City.

To shi kansa ya zauna a gundumar?

Ya zauna, kuma ɗakinsa yana nan. A 1829 ya gina shi kusa da ƙauyen Akins na yau, arewa maso gabas da Sallisaw. Ɗaki ɗaya ne tal, na gungumen itace da aka sassaƙe da gatari aka jera bisa juna, da murhu a jikin bango. A nan mutumin da shugabanni ke girmamawa ya yi shekara goma sha uku yana noma da kiwo.

Gishiri kuma babbar sana'a ce a lokacin, don da shi ake adana nama. Ana ɗebo ruwan maɓuɓɓuga mai zartsi a zuba a manyan tukwanen ƙarfe, a yi ta iza wuta har ruwan ya ƙone, gishirin ya kwanta a gindi, a kankare a shanya. Aiki ne mai cin itace da haƙuri. Ana ba da labarin cewa duk wanda ya zo sayen gishiri ko wucewa, in ya nuna sha'awa, Sequoyah kan zauna ya koya masa haruffa.

Wace rawa ya taka lokacin Hanyar Hawaye?

Shi ba a koro shi ba, ya riga ya iso shekara goma kafin nan. Amma abin da ya biyo baya ya same shi har gida.

Andrew Jackson, wanda Cherokee suka taya yaƙi a 1814, ya zama shugaban ƙasa, kuma a 1830 ya sa hannu kan dokar kwashe ƙabilun gabas zuwa yammacin kogin Mississippi. A Disamba 1835 wasu 'yan tsiraru daga Cherokee suka sa hannu kan yarjejeniyar New Echota, suka ba da ƙasar gabas baki ɗaya, alhali shugaba John Ross da mafi yawan jama'a sun ƙi. A 1838 sojoji suka bi gida-gida suna tattara mutane a sansanoni. Kimanin mutum 16,000 aka tasa zuwa yamma, akasarinsu a ƙafa, cikin hunturu, kuma an ƙiyasta wajen 4,000 sun mutu a sansanonin da kan hanya da bayan isowa; wannan tafiya ita ake kira Hanyar Hawaye. Al'umma mai jarida da tsarin mulki a rubuce, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya goyi bayanta a 1832, ita aka yi wa haka.

Da suka iso sai aka sami gwamnati biyu a ƙasa ɗaya. Tsofaffin Mazauna suna cewa mu kuka tarar, ku bi dokarmu. Sababbin zuwa sun fi su yawa nesa ba kusa ba, ga su da shugabansu da tsarinsu. Ga kuma ɓangare na uku, waɗanda suka sa hannu a New Echota, da ake kallo a matsayin maciya amana. Ranar 22 ga Yuni 1839 aka kashe uku daga manyansu a rana ɗaya: Major Ridge, da ɗansa John Ridge, da Elias Boudinot, editan nan na farko. Yaƙin basasa ya yi kusa.

A nan Sequoyah ya sa girmansa a tsakani. Shi Tsohon Mazauni ne, amma kowane ɓangare yana ganin mutuncinsa. Ya goyi bayan taron haɗin kai, ya yi kira ga mutanensa su halarta, kuma ranar 12 ga Yuli 1839 ya sa hannu kan takardar haɗewa a madadin Cherokee na yamma, George Lowrey ya sa a madadin na gabas. A Satumba aka amince da sabon tsarin mulki, hedikwata ta koma Tahlequah. Gabar ba ta mutu nan take ba, ta ɗauki shekaru tana ci, amma al'ummar ta zauna ɗaya. A ganina wannan aiki nasa bai samu yabon da ya kamace shi ba, saboda hasken haruffan ya rufe shi.

Akwai bayi a wannan yanki?

Akwai, kuma bai kamata a tsallake wannan ba. Wasu attajiran Cherokee sun mallaki bayi baƙar fata, jikokin waɗanda aka kwaso daga Afirka, kuma sun taho da su yamma. Su ma sun taka Hanyar Hawaye. A Nuwamba 1842 wasu bayi a Webbers Falls, tsallaken kogi daga Gore, akasarinsu na wani attajiri Joseph Vann, suka tsere suka nufi Meziko inda aka riga aka haramta bauta. An bi su aka kamo su.

Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya raba Cherokee gida biyu, ya bar gonaki da gidajen yankin kango. Yarjejeniyar 1866 ta ba 'yantattun bayin haƙƙin zama 'yan ƙasar Cherokee, haƙƙin da jikokinsu suka yi ta shari'a a kansa har cikin wannan ƙarni.

Ina ya rasu?

A 1842, yana da shekara saba'in ko kusa da haka, ya kama hanya da ɗansa Teesee da wasu 'yan rakiya zuwa Meziko, don neman Cherokee da suka watsu can, ya lallashe su su dawo cikin 'yan uwansu. Tafiyar ta yi masa tsanani, ga ciwo. Ya rasu a 1843 a wajajen San Fernando, garin da yanzu ake kira Zaragoza a jihar Coahuila. Har yau ba a tabbatar da inda kabarinsa yake ba.

Yaushe sunansa ya hau kan ƙasar?

Sau biyu aka sa, kuma waɗanda suka sa na farko ba su ne suka sa na biyu ba.

Cherokee sun raba ƙasarsu lardi-lardi, kowane da alƙalinsa da kotunsa. Lardin da ɗakin Sequoyah yake ana kiransa Skin Bayou, da sunan wani rafi. A 1851 majalisarsu ta sauya masa suna zuwa lardin Sequoyah. Wannan karramawa ce ta gida, daga mutanen da suka san shi ido da ido.

Sai layin dogo ya shigo. Na farko ya ratsa kwarin kogin a 1888, wani kuma ya sauko daga arewa wajajen 1895 zuwa 1896, suka gicciye a Sallisaw, garin ya bunƙasa da cinikin auduga da katako. Jirgin ya kawo Turawa da yawa, kuma da suka yi yawa sai suka fara neman ƙasa da ƙuri'a. A al'adar Cherokee ƙasa ta al'umma ce gaba ɗaya: mutum yana da gidansa da shingensa da amfanin gonarsa, amma ba ya sayar da ƙasar. Dokar Curtis ta 1898 ta rushe kotunan ƙabilun, ta share hanyar yanka ƙasar gunduwa-gunduwa a raba wa ɗaiɗaikun mutane. Da filin ya zama na mutum ɗaya mai takarda, sai ya zama abin saye, kuma cikin 'yan shekaru da yawa daga filayen suka suɓuce daga hannun masu su ta hanyar bashi da haraji da zamba.

Shugabannin ƙabilun sun yi yunƙuri na ƙarshe. A Agusta 1905 suka taru a Muskogee ƙarƙashin jagorancin Pleasant Porter, shugaban Creek, suka rubuta tsarin mulkin wata jiha tasu ta kansu wadda za ta ƙunshi Yankin Indiyawa kawai. Sunan da suka zaɓa mata shi ne Sequoyah. Ranar 7 ga Nuwamba aka kaɗa ƙuri'a, sama da mutum 56,000 suka amince, kimanin 9,000 suka ƙi. Majalisar dokokin Amurka ta yi biris da buƙatar, shugaba Theodore Roosevelt kuma jiha ɗaya yake so. Aka haɗe yankin da na Oklahoma, ranar 16 ga Nuwamba 1907 aka ayyana jiha ta 46.

A ranar aka haifi gundumar Sequoyah, daga tsohon lardin Sequoyah da wani sashe na lardin Illinois. Sunan da aka nema wa jiha sukutum ya ƙare a kan gunduma ɗaya cikin 75 na lokacin. Wannan ne abin da ke sosa mini rai a labarin: ranar da sunansa ya shiga taswirar Amurka ita ce ranar da aka karya alkawarin 1828 da shi kansa ya sa wa hannu, cewa babu jihar da za ta mamaye ƙasar.

Manyan itatuwan nan na California da ake kira sequoia, sunansa suka ci?

Haka aka fi faɗa. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Austriya, Stephan Endlicher, shi ya raɗa sunan a 1847, amma bai rubuta dalilinsa ba, shi ya sa masana ke saɓani a kai.

Me ya rage a yau?

Oklahoma ta kai mutum-mutuminsa ginin majalisar dokokin Amurka a 1917. A 1936 ma'aikatan wani shirin gwamnati na samar da aikin yi suka gina ɗakin dutse suka lulluɓe ɗakinsa na itace don kada ruwa da rana su cinye shi, ya zama ɗaki a cikin ɗaki. A 1965 aka sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa. A 2016 gwamnatin Cherokee ta sayi wurin daga hukumar tarihi ta jihar, ya koma hannun masu shi.

Gwamnatin ta Cherokee ta farfaɗo, tana Tahlequah, kuma gundumar Sequoyah na cikin gundumomi 14 da ikonta ya shafa. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2020 a shari'ar McGirt, wanda ya shafi ƙasar Creek, wata kotun Oklahoma ta tabbatar a 2021 cewa ita ma ƙasar Cherokee ba a taɓa soke ta a doka ba.

Haruffan suna kan allunan tituna a Tahlequah, suna cikin kwamfuta, sun shiga wayar iPhone tun 2010. Damuwar tana ga masu magana da harshen. A 2019 waɗanda suka iya shi sosai ba su wuce kimanin 2,000 ba, yawancinsu tsofaffi, har ƙabilun Cherokee uku suka ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Akwai makarantar da ake koyar da yara komai da harshen Cherokee zalla a Tahlequah, akwai kuma shirin da ake haɗa manya masu koyo da dattawan da suka sha harshen a nono, su yi shekara biyu tare suna magana da shi kullum.